Mudu Biyu A Shafin Wasanni

Kowa ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san babu abin da ke zubar da mutuncin mai awo kamar a kama shi da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ranar da asirinsa ya tonu, ko da dawarsa ta fi ta kowa kyau, ba mai ƙara tsayawa gabansa. To, mu a namu ganin, da yawa daga cikin masu rubuta labaran ƙwallon ƙafa, musamman a jaridun Turai waɗanda ake kwaso mana labari daga gare su, da mudu biyu suke awo, amma har yau ba wanda ya tashe su daga kasuwa. Su ne za su zaɓi ɗan wasa su laƙaba masa suna mai rigima, daga nan kuma ko tari ya yi sai a ce da wata manufa ya yi shi.

Kada wani ya ce ina ruwan ƙungiyar marubuta da 'yan tamaula. Mai rubuta labarin wasa marubuci ne, da kalmomi yake cin abinci kamar mu, kuma masu karanta shi a rana guda sun ninka masu karanta littattafanmu a shekara. In alƙalaminsa ya karkace, sana'armu ce ta karkace.

Ga misali wanda ba ya buƙatar dogon sharhi. A shekarar 2018 wasu samari biyu 'yan wasan ƙungiyar Manchester City ta Ingila suka sayi gidaje, kowanne na wajen fam miliyan 2. Ɗaya shi ne Tosin Adarabioyo, baƙar fata wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ɗayan kuma Phil Foden, Bature. Shafin intanet na jaridar Daily Mail ya ba da labaran duka biyu. Da ya zo kan Adarabioyo, sai kanun labarin ya ambaci albashinsa na fam 25,000 a mako, ya nuna ya watsa kuɗi a kan katafaren gida alhali ko sau ɗaya ba a taɓa fara wasan Firimiya da shi ba. Da ya zo kan Foden kuwa, sai aka ce tauraro mai tasowa ya saya wa mahaifiyarsa gida. Abin da ba a gaya wa mai karatu ba shi ne, shi ma Foden ɗin ba a fara wasan Firimiya da shi ba sai a watan Afrilu na 2019. Aiki ɗaya, ƙungiya ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, amma wannan ya fito almubazzari, wancan ya fito ɗa na gari.

Wanda ya jera kanun labaran nan biyu gefe da gefe ya nuna wa duniya shi ne abokin wasansu Raheem Sterling, a ranar 9 ga Disamba, 2018, kwana guda bayan wasu 'yan kallo sun yi ta surfa masa zagi a filin wasan Chelsea. Ya ce duka yaran biyu iyayensu mata suka saya wa gidajen, ya kuma ce irin wannan rubutu shi ke hura wutar wariyar launin fata. Shi kansa ya ɗanɗana. A watan Mayu na shekarar, jaridar The Sun ta cika shafinta na farko da zanen bindiga da ke jikin ƙafarsa, har wasu suka fara kiran a cire shi daga tawagar Ingila. Mahaifin Sterling kuwa harbe shi aka yi a Jamaika yaron yana da shekara 2, kuma ya bayyana cewa zanen yana da nasaba da wannan rashi. Mutum na iya ƙin zanen jiki, mu ma ba al'adarmu ba ce, amma wanda ya sa hoton a gaba ya tura dalilin can ƙarshe ya san abin da yake yi.

Haka aka yi wa Mesut Özil a Jamus. An haife shi a Gelsenkirchen, iyayensa 'yan asalin Turkiyya, yana cikin waɗanda suka ciyo wa Jamus kofin duniya a 2014. A watan Mayu na 2018 ya ɗauki hoto da shugaban Turkiyya Erdoğan a Landan. Jarida na da damar tambayarsa dalili, ba mu musa ba. To amma da Koriya ta Kudu ta fitar da Jamus tun zagayen farko, sai aka tattara laifin tawaga guda aka ɗora masa, kamar shi kaɗai ya shiga fili. A cikin makonnin nan tsohon kyaftin ɗin Jamus Lothar Matthäus ya gana da shugaba Putin na Rasha a fadar Kremlin, ba a yi masa rabin wannan ca ɗin ba. Özil ya ajiye rigar ƙasar a watan Yuli, yana cewa in an ci wasa shi Bajamushe ne, in an sha kashi kuma baƙo ne.

Wani zai ce ashe zancen launin fata da asali ne kawai. A'a, ciwon ya fi haka faɗi. David Beckham Bature ne, amma da ya kai wa Simeone na Ajantina shuri aka ba shi jan kati a kofin duniya na 1998, jaridar Daily Mirror ta kira shi wawan yaro a tsakanin zakuna goma, ta kuma buga fuskarsa a allon jifa don masu karatu su huce haushi. Mu ma nan gida mun ga irinta. Ranar 17 ga Yuni, 2010, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, Nijeriya na gaba da ci ɗaya, Sani Kaita ya ɗaga wa ɗan Girka ƙafa a minti na 33 aka kore shi, aka tashi 2 da 1. Laifi ya yi, shi ma ya nemi gafara. Amma mai magana da yawun tawagar ya ce saƙonnin barazanar kisa da aka aiko masa sun haura 1,000, a duniyar da ba ta manta an bindige Andrés Escobar na Kolombiya a 1994 ba, kwana 10 bayan ya ci gida. Tawagar nan kuwa sai a watan Fabrairu na shekarar aka cire Shu'aibu Amodu aka kawo Lars Lagerbäck, ƙasa da wata 4 kafin gasa. Binciken wannan yana buƙatar aiki da ƙarfin hali, kama sunan yaro ɗaya kuwa ba ya buƙatar komai. Shi ya sa malalacin marubuci kullum yake neman wanda zai rataya wa jakar tsaba.

Ba kuma cewa muke yi a rufa wa mai laifi asiri ba. Eric Cantona ya yi tsalle ya doki ɗan kallo a filin Crystal Palace a watan Janairu na 1995, aka dakatar da shi wata 8. Luis Suárez ya ciji Chiellini na Italiya a kofin duniya na 2014, aka hana shi taɓa ƙwallo wata 4. Wanda ya ƙi rubuta waɗannan ya ci amanar mai karatu. Adalci shi ne a faɗi abin da mutum ya yi daidai girmansa, a ji ta bakinsa, a kuma auna wanda ake so da mudun da aka auna wanda ake ƙi. Masu cewa ai 'yan wasan nan sun ƙoshi da kuɗi, sai su jure, muna tambayarsu, tun yaushe albashi ya zama lasisin cin mutunci? Masu cewa abin da jama'a ke so a saya ke nan, wa ya koya wa jama'ar wannan ɗanɗano in ba masu dafa musu ba?

Inda abin ya fi shafarmu shi ne wajen fassara. Yau babu unguwar da ba ta da gidan kallon ƙwallo, kuma yawancin labarin da matasanmu ke musu a kai daga jaridun Ingila aka juyo shi zuwa Hausa. Mai juyawa in bai yi hattara ba, sai ya kwaso labarin har da ƙiyayyar da ke naɗe a ciki. Bature ya rubuta kalma guda mai nuna ɗan wasa yana jawo ka-ce-na-ce, namu ya mayar da ita tsagera ko fitinanne, ya ƙara gishiri, sai ka iske yaro a Kano ko Zariya yana zagin baƙar fata ɗan'uwansa da bakin wanda ya raina su duka biyu.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, kafin ku miƙa rubutu a kan kowane ɗan wasa, ku cire sunansa ku sa na wanda kuka fi ƙauna, ku sake karantawa. In kun ji siffar da kuka ba shi ta yi muku nauyi a baki, to ku goge ta, ku bar abin da ya faru da ranar da ya faru da abin da shi mai abin ya ce. Magana zarar bunu ce, ta rubuce kuwa ta fi wuyar mayarwa. Allah ya sa mu riƙe mudu ɗaya.