Zancen Iyali: Fitila Da Birkin Tsohuwar Mota

A watan jiya, bayan an tashi makaranta, muna zaune gindin mangwaro da 'yan'uwanmu malamai, sai zance ya kai mu kan motoci. Yawancinmu na hannu mu ke hawa, waɗanda su ka sha aiki a Turai kafin su iso mana. Kukan kowa biyu ne. Wannan ya ce fitilarsa ta koma kamar aci-balbal. Wancan ya ce sai ya taka birki sau biyu kafin motar ta tsaya. Mu ka tambaya yaushe abin ya fara, ba wanda ya iya faɗi. To, nan haɗarin ya ke. Fitila da birki kaɗan kaɗan su ke lalacewa, har mai mota ya saba.

Mu fara da fitila. Tsohuwar Peugeot 504 gilashi ne a fuskar fitilarta. Motocin baya kuwa roba ce, rana ta kan ƙona ta, ta yi ɗorawa, ta tare haske. Ana iya goge ta ta washe. Tsatsa a bakin waya ma ta kan rage wuta. Kuskuren da mu kan yi shi ne cire ƙwai mai wat 55, mu sa mai 100. Wayar ba ta iya ɗaukar nauyin, sai ta yi zafi ta narke, mu kuma kashe wa mai zuwa ido. In za a sa sabon ƙwai, kada a taɓa gilashinsa da yatsa, gama maiƙon hannu ya kan rage kwanansa.

Sai birki. Man birki ya kan sha laima daga iska. Irin wanda a ke kira DOT 3, yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205. In ya sha ruwa, yana iya tafasa a wajen 140. Ku dubi mai saukowa Hawan Kibo daga Jos, da iyali da kaya, ƙafarsa a kan birki tun daga sama. Man ya tafasa, ya taka, ƙafa ta tafi ƙasa. Domin haka a gangara a sa ƙaramar giya, a kuma sake man duka bayan shekara 2. In man yana raguwa, ƙarawa ba gyara ba ne: ko yana yoyo, ko birkin ya cinye. Kada a zuba man inji ko ruwan sabulu a madadinsa.

Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. In fitila ba ta nuna rami da wuri ba, birki kuma ya yi jinkiri, ina dabara?

Ga aikin gida na wannan wata. Da dare, maigida ya haska bango, uwargida ta tsaya ta duba fitilun gaba da na baya. Sa'an nan ya danne birki da ƙarfi na rabin minti. In ƙafa tana nutsewa a hankali, motar ta tafi wurin makaniki kafin a ɗauki yara. In kuɗin gyara bai samu ba, a ɗaga tafiyar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.