Mai gurmi a ƙofar ango, ladan a masallaci



Hatsi ya shiga rumbu, lokacin ɗaurin aure ya kama, masu gurmi da goge sun fara karɓar goron gayyata. Ku sani, Musulunci bai hana murnar aure ba. A hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya tambaya ko an raka amarya da abin nishaɗi, domin Ansar suna son haka. Malamanmu na Malikiyya sun halatta bandiri a walima. Kayan kiɗa masu tsirkiya kuwa, mafi yawan malamai sun hana su, ko da yake Ibn Hazm ya sassauta.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne salla. Sau nawa ladan ke kiran La'asar, makaɗi na wasa ango, sahu ya rage tsofaffi kaɗai? Kai uban ango, kai ka gayyato makaɗin, kai za a tambaya. Ka gindaya masa sharaɗi tun ranar kai goro: da an ce Allahu Akbar, gurmi ya kwanta, kowa ya nufi alwala.

Allah ya sanya albarka a aurarrakinmu. Amin.