TAKIN GWAMNATI: NA MANOMI NE KO NA MAI UWA A GINDIN MURHU?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a Limawa ko Kudai ko Madobi ya san wannan labari. Damina ta kama, rediyo ta sanar cewa gwamnati ta sauke taki da rangwame, talaka ya ba da sunansa da lambar wayarsa, ya yi ta jira har gero ya yi bununi. Sannan ya je kasuwa ya tarar da irin buhun nan a rumfar ɗan kasuwa da tsadar da ba zai iya ba.

Wannan ba ƙage ba ne. Akinwumi Adesina, sa'ad da yake Ministan Gona, shi da bakinsa ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma ne kaɗai takin rangwame yake isa gare su. Don haka a 2012 aka fito da tsarin aika saƙo ta waya, buhu 2 a rabin kuɗi. A 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi, aka fitar da fiye da Naira tiriliyan 1, kaso mai yawa bai dawo ba. A 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka yanka wa buhu Naira 5,500. A Nuwamban 2023 kuma, a nan Jigawa aka ƙaddamar da noman alkama na rani da rangwamen rabin kuɗi. Suna yana canzawa, kukan manomi bai canza ba.

Dalili kuwa a fili yake: matuƙar jerin sunaye yana hannun 'yan siyasa, to manoman takarda ne za su cika shi, waɗanda gonarsu ba ta wuce aljihunsu ba.

Wasu suna cewa ai kayan gwamnati ne, ba na kowa ba. Subhanallahi! Dukiyar baitulmali ta kowa ce, cin ta kuwa gululu ne, kuma Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta wajabta mayar da amana ga masu ita. Ka lura kuma, manomin da aka hana taki, ushirin da zai fitar ya ragu. Ashe ɓarawon taki ya zalunci mutum biyu: manomi da miskinin da yake jiran zakka.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. Wanda ya sayar da gurbinsa ga dillali, da wanda ya rubuta matansa da 'ya'yansa alhali gonar ɗaya ce, da mai unguwar da ya sa hannu yana sane, duk abokan tarayya ne cikin zunubin.

Saboda haka muna kira da a karanta jerin sunayen kowace mazaɓa a bainar jama'a, gaban liman da mai unguwa. Malamin gona ya taka ƙafa ya ga kowace gona. Taki kuma ya iso kafin ruwan shuka. Limamai su faɗi hukuncin nan a kan mumbari ba tare da tsoron kowa ba.

Allah Ya ba mu ikon tsare amana. Wassalamu alaikum.