Takalmin Sululu: Wa Ya Cancanci Raɗa Masa Suna?

A kasuwar Gadarif, can gabashin Sudan, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa a kan tsohuwar hanyar hajji, ana sayar da takalmin fata da ake kira markub. Kalmar Larabci ce, ma'anarta ta asali kuwa abin da ake hawa. Ita ta faɗo mini a rai sa'ad da wani ɗalibi ya tambaye ni sunan da ya dace da takalmin masu sululu a kan katako mai ƙananan tayoyi huɗu.

Kafin suna, a san abin. A shekarar 1966 Paul Van Doren da abokansa suka buɗe kamfanin Vans a Anaheim ta Kalifoniya. Ba don masu sululu suka fara ɗinki ba. Samarin ne suka gano cewa tafin takalmin, na roba da aka gasa da wuta, mai zane kamar saƙar zuma, yana kama katako ƙam. A 1976 aka fito da samfurin Era bisa shawarar Tony Alva da Stacy Peralta. Da yake saman katakon kaushi gare shi kamar samfefa, yana cinye yadi, sai aka riƙa ƙara fata a wuraren da ke saurin yagewa. Abin da ya fi burge ni shi ne na 1992: matasa suna datse wuyan dogon takalmin Steve Caballero da almakashi, sai kamfanin ya bi sahunsu ya fitar da Half Cab.

Ashe masu sawa ne suka tsara takalmin, kamfani yana biye. A ganina haka ya kamata sunansa ya kasance. Ɗalibanmu na da saurin ƙirƙiro doguwar jimla, wai "takalmin wasan zamiya bisa allo mai ƙafafu", alhali babu baduku a Ƙofar Wambai da zai furta wannan. Hausar Kano ta ari kambas da silifas daga Ingilishi, ta kuma ƙera sau-ciki da kanta, duk ba tare da zaman kwamiti ba. Bahaushen Gadarif kuwa Larabci ne maƙwabcinsa, daga can zai ara.

Na ce wa ɗalibin ya rubuta kambas ɗin sululu, ya kuma kasa kunne ga yaran da ke hawan katakon.