Yaranmu na da Kalmomin Turanci, Jimla ce Babu

Kwanakin baya wani matashi ɗan unguwarmu a nan Gusau ya kawo mini takardar neman aiki da ya rubuta da Turanci domin in duba masa kafin ya kai. Yaro ne mai hankali, ya gama sakandare, rubutun hannunsa kuma gwanin kyau. Amma da na fara karantawa sai jikina ya yi sanyi. Inda ya so ya bayyana abin da ya hana shi ci gaba da karatu, ga abin da ya rubuta: "Because of my father sickness and no money." Sai ya ɗiga aya. Na tambaye shi da Hausa me yake nufi, nan take ya ce, "Ban samu na wuce jami'a ba saboda mahaifina ya yi doguwar jinya, kuɗin da ke hannunmu suka ƙare." Ka ji cikakkiyar magana, mai kai da ƙafa. Ashe tunanin yana nan daram, hanyar fito da shi cikin Turanci ce ba a koya masa ba.

Duk wanda ya taɓa shiga ajin sakandare a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ya san wannan ruwan dare ne. Tambayi ɗalibi da Turanci dalilin makararsa, zai ce maka "Rain, sir," ya ja bakinsa. A hira wannan na iya wucewa, domin mai sauraro yana gabanka, fuskarka da hannunka za su cike abin da baki ya rage. A takarda kuwa babu mai cike maka giɓi, abin da ka rubuta shi kaɗai zai tsaya maka.

Abin mamaki shi ne, ba mu ne ya kamata a ce wannan darasi ya gagara ba. Almajirin da ya zauna a zaure ya ɗauki Ajurrumiyya, abin da zai fara cin karo da shi shi ne bayanin mece ce magana, wato lafazin da aka harhaɗa har ya ba da fa'ida. Malaman zaure sun daɗe suna koyar da cewa mubtada'i ba ya tsayuwa sai da habarinsa, fi'ili kuma sai da fa'ilinsa. Turanci ma haka yake: jimla tana buƙatar wanda ake magana a kansa, da aikatau, da ma'anar da mai sauraro zai ji ya gamsu ba tare da ya ce "sai me?" ba.

Akwai wuraren da ginin Hausa ya sha bamban da na Turanci, kuma a nan ne yaranmu suka fi tuntuɓe. Bahaushe yana cewa "Audu malami ne" ba tare da aikatau ba, jimla ta cika. Idan yaro ya kwashe wannan gini ya kai Turanci sai ya ce "Audu teacher," ya bar "is" a baya. Haka nan muna cewa "Audu ya tafi," da suna da wakilinsa a jere, shi ya sa ake jin "Audu he went." Sannan a Hausa ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce ke nuna lokaci, kamar "ya" da "yana" da "zai," alhali a Turanci sau da yawa shi kansa aikatau ne ke sauya kama. Malamin da ya san waɗannan zai iya gyara su cikin zango ɗaya. Wanda bai sani ba kuwa sai dai ya yi ta zuba jan biro yana kiran yara daƙiƙai.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. A jarrabawar Turanci ta WAEC ana buƙatar ɗalibi ya rubuta insha'i na kimanin kalmomi 450, a sashen taƙaitawa kuma a jimloli ake son amsa, wanda ya kawo guntaye sai a rage masa maki ko da ya gano abin da ake nema. Ba tare da kiredit a Turanci ba, shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, sai dai yaro ya hango daga bakin titi. Bayan jarrabawa ma da sauran rina a kaba. Ɗalibin kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe gobe shi ne zai rubuta rahoton majinyaci, kuma rahoton da bai fayyace an ba da magani ko za a bayar ba yana iya jawo asarar rai.

Ina laifin yake? Na farko, yadda ake koyarwa. Malami ya faɗi rabin jimla, aji ya amsa kalmar ƙarshe da ƙarfi, a tafa. Sauran lokacin kuma a kwafe abin da ke allo. Yaro zai yi shekara shida bai taɓa gina jimlar kansa ba. Na biyu, jarrabawar cikin makaranta ta koma ta zaɓi ɗaya daga huɗu, saboda ta fi sauƙin dubawa ga malamin da aji ya yi wa yawa. Na uku, su kansu malaman. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka namu sun tsira, ai idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Na huɗu, rashin tsaro. A 2021 an sace 'yan mata 279 a Jangebe, a watan Satumbar shekarar kuma aka rufe makarantun jihar bayan sace ɗalibai a yankin Maradun. Harshe kuwa da yau da gobe ake koyonsa.

Wasu na ganin maganin shi ne a raba yaro da Hausa tun daga aji ɗaya. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci. Na fahimci damuwarsu, domin da Turanci ake rubuta jarrabawa. Sai dai a nawa ra'ayin ba a nan gizo ke saƙar ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci, aka kuma ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ba a bar su a baya ba ko a Turancin. Malamin da bai iya haɗa jimla ba, ko ka hana shi Hausa, guntayen zai ci gaba da raba wa yara.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, da kada gyaran ya tsaya ga gini da fenti. A tara malaman Turanci a lokacin hutu, a sa malaman Kwalejin Ilimi ta Maru da ta Tarayya da ke Gusau su horar da su a kan bambancin ginin jimlar Hausa da ta Turanci. Shugabannin makarantu kuma su sa doka: duk tambayar da aka yi a aji, da cikakkiyar jimla za a amsa ta, kowane ɗalibi kuma ya rubuta jimloli biyar na kansa kullum, a duba masa. Wannan ba ya buƙatar kwangila. Iyaye ma da nasu, ko ba su jin Turanci, idan yaro ya dawo su sa ya ba da labarin abin da ya koya daga farko har ƙarshe da Hausa, domin wanda ya saba kammala tunaninsa a harshe ɗaya ya yi rabin aiki a na biyu.

Shi kuwa matashin nan, mun zauna mun sake takardar tare. Ina tambayarsa wa ya yi, me ya yi, yaushe, yana amsawa yana rubutawa. Kafin la'asar ya haɗa jimloli takwas da kansa. Irinsa nawa ne a Tsafe da Bungudu da ba su samu wanda zai zauna da su ba? Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma yi abin da ya dace.