Ciwon Baya: Kwanciya Ba Magani Ba Ce

'Yan'uwa manoma, duk kaka kuka ɗaya muke ji a ƙungiyoyinmu na Rijiyar Zaki: ciwon baya da ya ƙi tafiya. Sunkuyo da fartanya da ɗaukar dami suna ƙara shi. Wani ya je wanzami ya yi masa ƙaho, wani ya sayar da hatsi ya sayi ƙwayoyi, wani ya kwanta wata guda.

Mu dai a ganinmu, hanyar da ta fi ita ce motsa jiki bisa koyarwar likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi. Doguwar kwanciya tana raunana baya. Tramadol ɓoye ciwo take yi, daga baya mutum ya kasa rabuwa da ita. Shan diclofenac kullum kuwa yana ɓata ciki da ƙoda. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu daɗaɗɗen ciwon baya su riƙa motsa jiki da tausa, su guji ƙwayoyi irin tramadol.

Asibitin Ƙashi na Dala ba shi da nisa. A can za a duba mutum, a koya masa motsin da zai riƙa yi a gida. Amma in ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko akwai zazzaɓi da rama, kada a kwana.

Kowace ƙungiya ta ware kuɗin mota daga asusunta, ta kuma yi wa mai ciwo gayya, don kada tsoron rasa gona ya kai shi ga ƙwaya. Allah ya ƙara mana lafiya.