Ba NEPA Ce Ta Cinye Bayananku Ba

Akwai wata jimla da ta zama garkuwa a ofisoshinmu, daga Kawo har ƙarshen Titin Ahmadu Bello: "An ɗauke wuta ne, sai komai ya lalace." Da ita ake sallamar majinyacin da aka nemi sakamakon gwajinsa a kwamfuta aka rasa. Da ita ake rarrashin uban da ya biya kuɗin rajistar 'yarsa amma sunanta bai fito ba, da akawun da ya kwana biyu yana shigar da lissafin albashi ya wayi gari fayil ya ƙi buɗuwa. Wanda aka faɗa wa sai ya yi tsaki, ya tsine wa NEPA, hukumar da aka sauya wa suna tun 2005, ya kama gabansa. An bar jaki ana dukan taiki. Wuta ta ɗauke, wannan gaskiya ne, amma sau da yawa ba ɗaukewar ce ta lalata bayanan ba. An sayar wa ofishin manhajar da ba a koya mata yadda ake tashi daga aiki ba, kuma wani daga cikinmu ne ya sa hannu aka biya.

Duk manhajar da ke gudana a cikin kwamfuta 'yar haya ce. Mai gidan shi ne babban tsarin da ke sarrafa na'urar, ko Linux ne, ko Windows, ko Android. Shi ke ba kowace manhaja ɗakinta a cikin ƙwaƙwalwar na'urar, shi ke raba musu lokaci, kuma shi ke da ikon fitar da kowa. Idan yana da magana ta gaggawa da ɗan haya, ba ya rubuta doguwar wasiƙa. Lamba guda yake aikawa, wadda za mu kira ishara. Wannan dabara ta samo asali ne daga Unix, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1969, sannan ƙa'idar POSIX ta 1988 ta daidaita ta. Linux, wanda galibin manyan kwamfutocin intanet ke aiki da shi, ya gaje ta. Isharorin asali sun kai 31, amma kaɗan daga ciki sun ishe mu.

Idan mutum ya danna Ctrl da C don ya katse wani aiki, ishara ta 2 ya aika, mai suna SIGINT. Ishara ta 1, SIGHUP, tsohuwa ce daga zamanin da ake shiga kwamfuta ta layin tarho, ma'anarta an ajiye waya. Yau manhajoji irin su nginx sun mayar da ita umarnin sake karanta saitinsu ba tare da sun tsaya ba. Sai biyun da wannan rubutu ya dogara a kansu. Ta 15, SIGTERM, tana cewa: ki kammala abin da ke hannunki, ki tattara kayanki, ki fita. Ta 9, SIGKILL, ba ta cewa komai, domin ba a ma isar da ita ga manhajar. Mai gida ne kawai ke share ta nan take. Mutanen Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan bambancin takardar notis da isowar katafila. Mun ga rusau da idanunmu. SIGTERM ita ce notis, SIGKILL ita ce katafila.

Idan notis ya iso, manhaja tana da zaɓi uku. Tana iya yin kunnen uwar shegu da shi. Tana iya barin hukuncin da tsarin ya tanada tun asali ya hau kanta. Ko kuma wanda ya rubuta ta ya tanadi wani ɗan sashe na musamman, mai amsa ishara, wanda zai farka ya shirya fita cikin tsari. Abin da 'yan kwangila ba sa son shugaban ofis ya sani shi ne, hukuncin asali na SIGTERM mutuwa ce nan take. Wato wanda bai rubuta komai ba game da ishara, ya riga ya yi zaɓi: ya mayar da notis katafila da hannunsa.

Me ya sa wannan ke cin dukiya? Domin kusan babu wani aikin kirki da kwamfuta ke yi a taki ɗaya. Biyan kuɗin makaranta, alal misali, yana nufin a karɓi tabbaci daga banki, a rubuta shi a rumbun bayanai, a sauya matsayin ɗalibi, a fitar da rasit. Ban da haka, yawancin abin da ake bugawa ba ya sauka kan ma'adanar dindindin nan take. Yana jira a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Manhajar da ta mutu tsakanin taki na ɗaya da na biyu ta bar kuɗi a banki, ta bar ɗalibi a waje. Wadda aka gina da hankali kuwa, da ta ji ishara sai ta rufe ƙofa ga sababbin buƙatu, ta ƙarasa waɗanda ke hannu ko ta warware su gaba ɗaya, ta sauke komai kan ma'adana, sannan ta fita.

Kuma ana ba ta lokaci. Systemd, wanda ke kula da kunnawa da kashe manhajoji a yawancin nau'o'in Linux na yau, yakan aika SIGTERM ya jira daƙiƙa 90 kafin ya aika SIGKILL. Kubernetes yana jiran daƙiƙa 30, Docker kuma 10. Ga na'urar da ke yin lissafi biliyoyi a daƙiƙa guda, daƙiƙa 10 wata guda ne na notis. Windows yana da nasa salon, yana sanar da kowace taga da kowane aikin bayan fage cewa za a rufe. Babu tsarin da ke fitar da ɗan haya ba gargaɗi idan an kashe shi ta hanyar da ta dace. Akwai ma wani tarko da matasan da suka koyi Docker jiya suke yawan faɗawa ciki: manhajar da ta zama ta farko a cikin akwatin Docker, mai lamba 1, tsarin ba ya zartar mata da hukuncin asali. Idan ba ta da mai amsa ishara, SIGTERM zai wuce ta kamar ba a aiko ba, a jira daƙiƙa 10, katafila ta shigo. Duk wanda ya lura cewa manhajarsa kullum sai ta ɗauki daƙiƙa 10 cif kafin ta tsaya, to ba tsayawa take ba, kashe ta ake yi.

Na san amsar da injiniyan ofis zai bayar, kuma tana da ƙarfi: kamfanin rarraba wuta ba ya aiko da SIGTERM. Wuta takan ɗauke ne kawai, ba sallama. Haka ne. Amma a leƙa ƙarƙashin teburin kowace babbar kwamfutar ofis a Unguwar Rimi ko Malali, za a tarar da UPS tana ƙara. An saye ta ne daidai don ta sayi 'yan mintuna. A bayan da yawa daga cikinsu akwai wata kafa ta USB, wadda aikinta shi ne ta gaya wa kwamfuta cewa wutar gari ta tafi, batir ya kusa ƙarewa. Manhajojin da ke sauraren wannan saƙo, irin su NUT da apcupsd, kyauta ne. Su ne ke mayar da ɗaukewar wuta ta zama notis: su umarci tsarin ya rufe, shi kuma ya aika wa kowa SIGTERM tun da sauran caji. Linux har yana da ishara ta musamman don matsalar wuta, SIGPWR. Ku duba bayan UPS ɗin ofishinku gobe da safe, ku ga ko an taɓa soka waya a wannan kafa. In ba a soka ba, abin da kuka saya shi ne na'urar da ke jinkirta haɗari da minti goma tana kuka, ba mai jin ta, musamman da ƙarfe biyun dare.

A tuna da Oktoban 2024. An riga an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Mando, sannan a ranar 21 ga wata layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, yawancin Arewa ta shiga duhu fiye da mako guda. A irin waɗannan kwanaki ba ɗaukewar farat ɗaya ce ke kashe kwamfutoci ba. Dizal ne ke ƙarewa a janareta, batirin inbata ke sauka a hankali, awa bayan awa, kowa na gani. Babu mutuwar da ta fi wannan bayar da sanarwa. Ofishin da ya yi asarar bayanai a wannan yanayi ba shi da wanda zai zarga a Shiroro.

To idan UPS ɗin ma ta mutu fa, ko wani ya yi tuntuɓe da waya? Nan ma ilimin ya daɗe da amsa. A 2003, George Candea da Armando Fox na Jami'ar Stanford sun yi jayayya cewa ya kamata a gina manhaja ta yadda faɗuwar bazata ba za ta cutar da ita ba, ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Rumbunan bayanai irin su PostgreSQL suna fara rubuta niyyarsu a wani kundi kafin su taɓa ainihin bayanan, ta yadda in an yanke su a tsakiya, da sun farfaɗo za su duba kundin su ƙarasa ko su warware. SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android, yana da irin wannan kariya. Shi ya sa batirin wayarka ke mutuwa sau biyu a rana amma lambobin mutanenka ba sa ɓacewa. Idan wayar da aka saya a Kasuwar Sheikh Gumi za ta iya, manhajar da aka biya miliyoyi dominta ba ta da hanzari. Amsa ishara da jure faɗuwa ba kishiyoyin juna ba ne. A gari irin namu ana bukatar duka biyun.

Akwai kuma laifin da ba na mai rubuta manhaja ba ne, na mai kula da ita ne. Umarnin kill, in an rubuta shi haka kawai, SIGTERM yake aikawa. Amma wata al'ada ta yaɗu tsakanin ma'aikatan sashen kwamfuta: da abu ya ɗan yi nauyi sai a buga kill -9, kamar yadda sakatare ke danne maɓallin wuta har allo ya yi baƙi don yana sauri ya kama layin Mando kafin cunkoso. PostgreSQL ya tanadi hanyoyin tsayawa har uku: SIGTERM ya jira masu aiki su gama, SIGINT ya sallame su ya rufe cikin tsari, SIGQUIT ya fita da gaggawa ya bar gyara sai an tashi. Littafin jagorarsa ya yi gargaɗi a fili kan amfani da SIGKILL. Wanda ya tsallake ukun ya ɗauko na huɗu, gajen haƙuri ne ya motsa shi.

Ba na cewa aikin wasa ne. Ishara tana iya isowa a kowane lokaci, ko da manhaja tana tsakiyar rabon ƙwaƙwalwa ko rubuta wani abu, kuma idan mai amsa isharar ya taɓa abin da aka bari a buɗe, ɓarna ta auku. Saboda haka POSIX ya ware jerin ayyukan da aka yarda a yi a cikinsa, kuma sanannun ayyuka irin su printf da malloc ba sa ciki. Manya ma sun yi tuntuɓe a nan. A ranar 1 ga Yulin 2024 kamfanin Qualys ya bayyana wata ɓaraka a OpenSSH, manhajar da injiniyoyin duniya ke shiga kwamfutocinsu daga nesa da ita. Idan baƙo ya yi daƙiƙa 120 bai tabbatar da ko shi wane ne ba, ishara mai suna SIGALRM takan tashi, mai amsa ta kuma ya kira wani aikin rubuta rahoto da ba ya cikin jerin da aka yarda da su. Ta wannan 'yar kafa maharin da ya iya daidaita lokaci zai iya ƙwace na'urar baki ɗaya. An taɓa toshe irin wannan ɓaraka a 2006, ta dawo cikin kuskure a 2020, kuma Qualys ya ce na'urori fiye da miliyan 14 da ke kan intanet na iya kasancewa cikin haɗari. Sai dai darasin da ke ciki ba "a bar shi tunda da wuya" ba ne. Ƙwararru sun daɗe da sanin maganin: mai amsa ishara ya ɗaga tuta kawai ya koma, babban jikin manhajar ya ga tutar ya yi sauran aikin a natse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Layuka kaɗan ne, kuma ɗalibin aji biyu zai iya rubuta su in an taɓa nuna masa cewa suna da muhimmanci. Kwasa-kwasan wata uku da ake tallatawa a gari suna koyar da yadda ake tayar da manhaja ta yi kyau a allo; yadda za ta tsaya ba ya kawo ɗalibai.

Mun riga mun saba da zama da sakamakon. Kowa ya san zafin a cire masa kuɗi a POS, mai shago ya ce bai ga komai ba. Dalilan wannan suna da yawa, sabis na ciki, ba duka ne laifin ishara ba, amma asalin ciwon ɗaya ne: aiki ya tsaya a tsakiya, babu wanda ya tanadi yadda za a ƙarasa ko a warware. A watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sa wa'adi: awa 48 don mayar da kuɗin da ATM ɗin wani banki ya riƙe, awa 72 na POS da intanet. Doka ce mai amfani, amma tana magana ne kan yaushe za a biya diyya bayan an yi ɓarna. Bankuna aƙalla suna da mai sa musu ido. Asibiti mai gado ashirin, da makarantar kuɗi, da ƙungiyar adashin ma'aikata, ba su da kowa sai wanda ya sa hannu a takardar karɓar aiki.

Kuma wannan mutumin, sau da yawa, mai karanta wannan wasiƙa ne: darakta, ma'aji, magatakarda, likitan da ya buɗe nasa asibiti. Ranar nuna aiki ɗan kwangila yakan zo da kwamfutarsa cike da caji, ya nuna launuka da jadawali, a yi tafi, a ci abinci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka a ƙara minti ashirin a kan shirin. A sa ma'aikata uku su riƙa shigar da bayanai a lokaci guda, a ce wa injiniyan ya kashe na'urar ta hanyar da ta dace, a kunna, a ƙirga abin da aka shigar. Sannan a zare wayar UPS daga bango, kowa ya naɗe hannu, a gani ko kwamfutar za ta rufe kanta kafin batir ya ƙare. Daga ƙarshe a zare wayar kwamfutar kanta ana tsakiyar biyan kuɗi, a kunna, a duba ko biyan ya kammala ko ya warware, ko kuwa ya rataye a tsakani. A rubuta waɗannan gwaje-gwaje uku a cikin takardar kwangila tun kafin a fara aiki, a ɗaura kason ƙarshe na kuɗin a kansu. Idan ɗan kwangila ya miƙe ya riƙe hannun mai shirin zare wayar, a rubuta hakan ma a rahoton taron.